Gwajin jinin da muka yi kafin a kai kuɗin aure

Ni da 'yar baffana a gida ɗaya muka taso a Kano, kuma tun muna ƙanana manya ke cewa za a haɗa mu. Da maganar ta kankama, yayata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanena, kafin a kai ko sisi, ku je a duba muku jini." Gwaggo ta ce ai ba matsala, jinin yarinyar O ne. Yaya ta yi mata bayani cikin ladabi cewa wannan rukunin jini ne, wanda ake dubawa idan za a ƙara wa mutum jini. Abin da muke nema daban ne, shi ne jinotaif, wanda ke nuna ko mutum na ɗauke da S, wato ƙwayar gadon cutar sikila: AA, AS, SS da sauransu.

A ɗakin gwaji an ɗebi jini kaɗan a hannunmu, aka zuba a 'yar kwalba. Mai gwajin ya tambaye mu ko an ƙara wa ɗayanmu jini a watanni 3 da suka wuce, domin jinin wani kan rikita sakamako. Yaya ta nace a yi mana wanda ake kira ilektiroforesis, saboda gwajin gaggawa na nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS. Sakamako ya fito, dukanmu AS.

Likita ya juya takardar, ya zana gida huɗu a bayanta. Ya ce kowane mutum yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ta sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan AS ya auri AS, gida ɗaya AA ne, biyu AS, ɗaya SS, wato mai sikila. Sai ya ɗora biro a kan na ƙarshen ya ce, "Wannan lissafin kowane ciki ne, ba na 'ya'ya huɗu a jere ba." Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ana iya haifar biyar babu mai sikila, ana kuma iya haifar uku a jere duk suna da ita.

Na san abin da SS ke nufi, domin ɗan maƙwabcinmu na da ita. Na ga hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura tun yana rarrafe, na ga idonsa ya yi rawaya, na ji kukansa cikin dare lokacin hunturu. Jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon su yi kwana 120 kamar na kowa, a kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa. Mai AS kuwa lafiyarsa ƙalau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashenmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar duk shekara.

Da aka zauna, Baffa ya ce lafiya ta Allah ce. Yaya ta ce, "Haka ne, Baffa, kuma Shi ne Ya ba mu sanin nan." Bai ce komai ba a ranar. Daga baya ya kira ni ya ce mu yi haƙuri. Abin ya yi mana zafi ƙwarai, ni da ita, amma zumunci bai taɓu ba, domin ba a sa rana ba, ba a haɗa lefe ba.

A 2024 gwamnatin Kano ta kafa dokar yin gwaji kafin aure, kuma na yi murna da ita. Sai dai gwajin da aka yi ana saura mako ɗaya ɗaurin aure ya makara, don a lokacin zuciya ta riga ta ƙulla, kunyar jama'a kuma ta shigo. Ban kuma yarda a guji masu sikila ba: mai SS zai iya auren mai AA, 'ya'yansu su zama AS.

Tun daga nan muka kai ƙannenmu aka gwada su suna sakandare. Ɗaya daga cikin 'ya'yan kawu ta fito AC, wato tana ɗauke da C, wata ƙwayar gado daban da S, likita ya ja hankalinmu cewa idan ta auri mai AS ana iya haifar SC, wadda ita ma nau'in sikila ce.