Ƙirgen gaɓa da ya sa na kayar da waƙar da ta fi kowace

Wata huɗu ke nan da faruwar abin, amma har yau idan na ɗauki alli zan rubuta kalmar "kari", wato awon waƙa, a allo, sai yarinyar nan da na zalunta ba da gangan ba ta faɗo mini a rai. Ni malamin Faransanci ne a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi. Bayan da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, ni da abokan aikina biyu muka buɗe zama duk yammacin Laraba, muna nazarin adabin Hausa da ɗaliban da suke da sha'awa, da littattafan da muka sa aka sayo mana daga Kano da Katsina.

Ɓangaren zube bai ba mu wahala ba, domin jigo da tauraro da salo da zubi da tsari duk suna da takwarorinsu a abin da yaran suka saba ji a ajin Faransanci. Adon harshe ma cikin zama uku suka rarrabe kamantawa, wadda take ɗauke da "kamar" ko "tamkar", daga siffantawa, wadda take cewa sarki giwa ne kai tsaye, suka kuma gane mutuntarwa da dabbantarwa da kambamawa. Wannan sauƙin shi ya yaudare ni, har na ɗauka kowace kalma ta nazarin Hausa tana da 'yar'uwarta a Faransanci, aikina kawai in haɗa su aure.

Da shekara ta zo ƙarshe muka shirya gasar rubutacciyar waƙa, ɗalibai 23 suka shiga. Mun raba maki ashirin gida huɗu: jigo biyar, adon harshe biyar, amsa-amo huɗu, kari shida, kuma ni na karɓi duba kari saboda ina ganin na fi kowa sanin awon waƙa. Awon da na sani kuwa shi ne na Faransanci, inda ake ƙirga gaɓoɓi, ɗangon (wato layin waƙa) da ya fi shahara a wurin Faransawa yana da gaɓa 12, wani 10, wani 8, kuma idan ɗango ya gaza ko ya wuce an ce ya lalace. Da wannan ma'auni na zauna da jan biro ina ƙirge da yatsu.

Waƙar yarinyar nan 'yar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu, a kan Gulbin Maraɗi da ambaliyar 1945 wadda ta sa gari ya bar kwari ya hau tudu, labarin da ta ce daga bakin kakarta ta ji shi. Na ƙirga ɗango na farko na sami tara, na biyu takwas, na uku goma, na huɗu ya koma takwas. Sai na rubuta mata a gefe cewa kari ya karye tun daga baitin farko, na ba ta ɗaya cikin shida. Da wannan ta faɗo ta huɗu, kyauta kuwa ta mutum uku ce. Wanda ya zo na ɗaya kowane ɗango nasa gaɓa takwas ne cif, kuma ina tuna cewa da ya tashi zai rera a gaban iyaye sai da ya riƙa ja wasu kalmomi yana haɗiye wasu. Na ji hakan da kunnena, amma na gaskata yatsuna.

Mako guda bayan haka na je gaida kawuna a unguwar Bagalam, tsohon malamin zaure ne wanda bai taɓa shiga ajin boko ba. Takardun suna cikin jakata, na ciro tata don in nuna masa yadda yaran yanzu suke da fasaha amma ba su da awo. Ina cikin karantawa ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, waƙa kake riƙe da ita ko wasiƙa? Rera mini." Na rera yadda na iya, yana buga gwiwarsa da tafin hannu, bai tsaya ko sau ɗaya ba har na kai ƙarshe. Sai ya tambaye ni wanda ya koya wa yarinyar aruli, wato ilimin awon waƙa, domin waƙar tun daga farkonta har ƙarshenta a kan karin Kamil take. Na ce, "Kawu, ai gaɓoɓin ba su zo daidai ba." Ya ce ba a ƙirga gaɓa a waƙar Hausa, aunawa ake yi.

A ranar na koyi abin da ya kamata in sani kafin in taɓa takardar kowa. Gaɓa iri biyu ce: marar nauyi, mai gajeren wasali kamar "da", da mai nauyi, wadda take da dogon wasali, ko tagwan wasali kamar "ai" da "au", ko ta ƙare da baƙi kamar "kan". Karuruwan da marubutanmu suka gada daga Larabci, waɗanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara tun ƙarni na 8, a kan jerin nauyi da rashin nauyi aka gina su. Ƙafar Kamil tana farawa da marasa nauyi biyu, sai mai nauyi, sai marar nauyi, sai mai nauyi, kuma an yarda mawaƙi ya mayar da biyun farko gaɓa ɗaya mai nauyi. Ke nan ɗango mai ƙafa biyu yana iya zuwa da gaɓa takwas ko tara ko goma, kuma duka ukun daidai suke. Ainihin lambobin da na kafa hujja da su na kayar da ita, su ne shaidar cewa ta iya.

Kawu ya kwafe baiti ɗaya da ajami, inda alif da wawu da ya suke nuna dogon wasali, sai ga awon a fili. Rubutun boko ba ya nuna wannan tsawo, shi ya sa duk wanda zai duba kari daga takarda ba tare da ya buɗe baki ba zai faɗa ramin da na faɗa. Yanzu ga baitin da na tsara nake fara darasi da shi:

Gulbin Maraɗi yana gudu,
Gero da dawa kan tudu.

Na farko gaɓa tara, na biyu takwas, kari ɗaya. Ba na barin kowa ya ɗauki biro sai ajin duka ya rera shi sau uku da tafi, sannan mu ja layi a kan masu nauyi. Da shi nake jan kunnensu kan wani abu kuma, wato kada su yi gaggawar kiran gudun gulbi mutuntarwa, domin Bahaushe ko a hirar yau da kullum cewa yake ruwa yana gudu.

Abokan aikina sun ce a bar maganar tunda an riga an raba kyauta, ni kuwa ban iya ba. Na je gidansu na sami mahaifinta a zaure na yi masa bayani, ya ce ba kome, malam ma mutum ne. Ranar Laraba ta gaba na tsaya gaban ɗalibai na faɗi kuskurena, na rera waƙarta, na mayar mata da makinta shida a rubuce, ko da yake kyautar ta riga ta tafi hannun wani kuma ba zan karɓe ta daga yaron da bai yi laifi ba. Ta dawo zaman namu, tana zama a layin baya, tana amsa tambaya idan na kira sunanta. Sau biyu na nemi kowa ya kawo sabon baiti, kuma sau biyun ba ta kawo ba.