Yadda Na Raya Tsofaffin Kiret na Katako da Na Tarar a Shagon Kakanmu

Da muka buɗe ɗakin ajiyar da ke bayan shagon marigayi kakanmu a Fagge domin a gyara shi a ba da haya, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kiret huɗu na lemon kwalba, dukansu na katako, an jibge su a kusurwa ƙarƙashin tsofaffin buhuna. Yaran yanzu kiret na roba kawai suka sani, amma wanda ya girma kafin roba ta mamaye kasuwa zai tuna da waɗannan: gida ashirin da huɗu na kwalabe, ramin hannu a kowane gefe, siririn ƙarfe ya ɗaure kusurwoyi, ga sunan lemon da aka buga a jiki. Uku na Coca-Cola ne, ɗaya na 7Up. Kamfanin da ke cika kwalaben Coca-Cola a Najeriya an kafa shi a 1951, na 7Up kuwa ya fara aiki a 1960, saboda haka na san ba a yi su kafin waɗannan shekaru ba. Mafi yawan 'yan'uwansu sun ƙare ne a murhu, ko sun zama kujerar mai shayi har suka karye. Hajiyarmu ma cewa ta yi: "Kai dai ba ka rabo da tarkace, ka bar wa masu tuya su hura wuta mana." Na roƙe ta, ta bar mini.

Na farkon da na taɓa, ni da kaina na lalata shi. Na ɗauke shi zuwa bakin famfo, na kwarara masa ruwa, na zuba garin sabulu, na bi shi da burushin wanki kamar mai wanke darduma. Ruwan da ke gangarowa ya fara fitowa baƙi, na ji daɗi, can sai na ga ya koma ja-ja, kafin in ankara rabin rubutun ya bi kwata. Don in ƙara wa kaina, sai na shanya shi a tsakar gida cikin ranar watan Afrilu. Washegari na tarar allon gindinsa ya lanƙwashe, ɗaya daga cikin sassan da ke raba gidajen kwalabe ya tsage, ƙusoshi biyu sun ɗago kai. Katako idan ya sha ruwa kumbura yake yi, idan kuma ya bushe da gaggawa sai bayansa ya riga cikinsa motsewa, daga nan ne tsagewa da lanƙwasa ke zuwa. Fentin da ya shekara hamsin ko fiye a kan irin wannan katako kuwa riƙonsa ya riga ya yi rauni, ba ya jure gurza.

Sauran ukun sai na bi su a hankali. Na shimfiɗa farar takarda, na kifa kowanne a kai, na bubbuga shi da tafin hannu. Abin da ya zubo ya haɗa da ƙura, kashin ɓera, marafan kwalba guda biyu da suka yi tsatsa, da gidan zanzaro. A ƙarƙashin na 7Up kuwa na ga wani lallausan gari kamar na alkama, da na duba da kyau sai ga ƙananan huji kamar na bakin allura a gefensa, alamar ƙwaron da ke cin katako ta ciki yana nan da rai. Nan take na ware shi daga sauran. Daga nan na share su a bushe da burushin fenti mai laushi, gidajen kwalabe kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon burushin haƙori, aikin da ya cinye mini yammaci guda a kan kowane kiret, domin a waɗannan lunguna ne zaƙin lemon da ya zube shekaru da yawa ya haɗu da ƙura ya daskare. Sai bayan haka ruwa ya shigo, shi ma a jikin tsumma da na matse sosai, da ɗan sabulu mai sauƙi. Na fara gwadawa a gindi inda ido ba ya kaiwa, ina duba tsumman bayan kowace shafa. Da na ga alamar launi a jikinsa sai in tsaya. Wurin rubutun dangwalawa kawai na yi, ban goga ba. A inuwar zaure suka bushe, kwana uku.

Wani tsohon kafinta da ke layinmu ya leƙo ya gan ni, ya ce: "Ɗana, kawo su in bi maka da sanfefa, in shafa musu baƙin mai saboda gara, mu sake fenti, sai sun fi sababbi kyau." Na ce: "Baba, na gode, amma tsufan nasu nake so." Ya yi dariya ya tafi, kuma a ganinsa na san ya ɗauke ni marar lissafi. Gaskiyarsa ce cewa baƙin mai na korar gara a katakon rufi, sai dai zai baƙanta kiret ya bar shi da wari har abada. Sanfefa kuwa tana da wata illa bayan share rubutu: tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, a Amurka ma sai a 1978 aka hana amfani da irinsa a gidaje, kuma duk wanda ya tuna da yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ba zai so ya tayar da wannan ƙura a gidan da yara ke rarrafe ba. Ko sharar da na yi musu a bushe ma da takunkumi na yi ta, a waje.

Tsatsar ƙarafan kusurwa na rage ta da soson ƙarfe mafi laushi da ɗigon man keken ɗinki, bayan na rufe katakon da ke kusa da takarda don kada mai ya taɓa shi. Ban nemi ƙarfen ya yi ƙyalli ba, abin da ke ɓarɓashewa kawai na cire. Ƙusoshin da suka ɗago na mayar da su mazauninsu. Na ƙarshe shi ne kakin zuma, wanda na ɗumama har ya yi laushi, na shafa kaɗan a tsumma, na bi katakon da shi, na goge da wani busasshe. Ya ɗan ƙara wa launin duhu, wannan kuma ya kamata mutum ya sani kafin ya fara, shi ya sa ban kai shi kan haruffan da ke ɓamɓarewa ba.

Mai ƙwarin shi ya fi ba ni wahala. Masu adana kayan tarihi sukan naɗe abu a leda su sa shi a firiza mai tsananin sanyi na mako ɗaya ko biyu, amma wutarmu ba ta tsayawa haka. Sai na ɗura maganin ƙwari na katako a kowane huji da sirinji, na ɗaure shi a leda, na ci gaba da gwajin farar takarda duk Juma'a. A mako na shida garin ya daina zuba.

Masu tara irin waɗannan kaya a Amurka sukan duba sunan garin da aka cika lemon da shekarar da aka buga a cikin kiret, kuma sun fi daraja wanda fentinsa na asali ne, ko da ya koɗe, a kan wanda aka sabunta. Ni ban yi niyyar sayarwa ba. Suna kan kanta a ɗakina, nesa da ƙasa da bango saboda gara da danshin damina, nesa da taga saboda rana na cinye jan launi, da hunturu kuma nakan rufa musu zane. Wanda na lalata ɗin ma yana nan a ƙasansu, Hajiya ta karɓe shi tana jera kwalaben man shanu da na yaji a ciki.