Bin sawun kuɗin rigakafin ƙanjamau, daga jerin kwamiti zuwa takardar kwangila

A 1994 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gindaya sharaɗi ga ma'aikatun lafiya 65 da take ba kuɗin rigakafin ƙanjamau a lokacin, na jihohi 50 da birnin Washington da wasu manyan birane 6 irin su Shikago da San Faransisko, sai yankunan tsibirai. Sharaɗin shi ne kowace ta kafa kwamitin tsare-tsare na al'umma. Shugabanninsa biyu ne, ɗaya daga ma'aikatar lafiya, ɗaya kuma daga cikin jama'a. A tsarin wancan lokacin, kwamiti zai duba alƙaluman cutar, ya jera rukunonin mutanen da suka fi shiga haɗari, ya faɗi aikin da ya dace da kowane rukuni. Sai dai ko sisi ba ya bi ta hannunsa. Ma'aikatar ce ke rubuta takardar neman kuɗi, ita ke raba kwangila. Abin da kwamiti ya mallaka wasiƙa ce guda: ko ya ce ya amince da takardar neman kuɗin, ko ya amince amma da ƙorafi, ko bai amince ba.

Kafin a sa hannu a wasiƙar nan akwai lissafin da ya kamata a yi, kuma shi aka fi tsallakewa.

Kayan aikin takardu uku ne: jerin kwamiti, kasafin ma'aikatar, da kwafin kowace kwangila da aka ba ƙungiyoyi. Kasafi kaɗai ba ya isa, domin an rubuta shi da yaren akanta: albashi, tafiye-tafiye, kayan ofis, kwangiloli. Babu inda zai ce maka nawa ya je ga masu yi wa kansu allurar ƙwaya. Don haka sai a zana tebur. A gefe a jera rukunonin kamar yadda kwamiti ya jera su, a sama kuma a sa ire-iren aiki: gwaji da nasiha, zama da mutum ɗaya-ɗaya, zaman rukuni, fita unguwa, sanar da abokan kwanciyar wanda aka samu da cutar, faɗakarwa ta kafafen yaɗa labarai. Kowace dala sai ta faɗa gida ɗaya tak.

A nan gizo ke saƙar. Ƙungiya ɗaya takan rubuta cewa tana hidima ga rukuni uku ko huɗu, saboda hakan ya fi jan hankalin masu tantancewa. A ce an ba ta dala 120,000, ta ambaci maza masu neman maza, da mata, da matasa. Mai gaggawa zai raba uku, 40,000 kowane. Wani ma ya rubuta 120,000 a gaban kowane rukuni, jimilla ta haura abin da aka kashe. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗauko rahoton mutanen da ƙungiyar ta gani bara. Idan cikin mutum 600 mata ne 450, to kashi 75 cikin 100 na kuɗin, wato 90,000, na layin mata ne, komai abin da aka rubuta a takardar neman kwangila. Matasa kuwa shekaru ne, ba hali ba. Saurayi mai shekara 19 da ke neman maza yana iya shiga layi biyu, don haka tun farko a yanke dokar inda za a sa shi, a rubuta ta a ƙasan tebur, kada a canza ta shekara mai zuwa.

Sai layin da ake kira "jama'a baki ɗaya". A ganina shi ya kamata a fara dubawa. Nan ake jibge kuɗin allunan talla da layin waya da gwajin asibitocin gwamnati. Idan ya cinye kaso mai tsoka alhali kwamiti bai ko ambace shi ba, an riga an sami giɓi. Kuɗin gwaji ana iya kacaccala shi, tunda fom ɗin gwaji yana tambayar ta inda mutum ya shiga haɗari. Albashin shugabanni da kuɗin gudanarwa kuwa a ware su gefe, kada a tilasta su cikin wani rukuni.

Ba kowane saɓani ne laifi ba, kuma kwamitin da bai gane haka ba zai yi ta faɗa a banza. Zama na ɗaya a jeri ba ya nufin samun kuɗi mafi yawa daga wannan asusun. Wataƙila jiha na biyan aikin da nata kuɗin, ko wata hukumar tarayya na biya, shi ya sa tebur ke bukatar ƙarin gida na sauran hanyoyin kuɗi. Misali mafi bayyana shi ne musayar sirinji, wato ba masu allurar ƙwaya sabon sirinji a karɓi tsohon. Tun 1988 majalisar dokokin Amurka ta hana a kashe kuɗin tarayya a kansa. An ɗage haramcin a 2009, aka mayar da shi a 2011. Sai bayan cutar ta ɓarke a gundumar Scott ta jihar Indiyana a 2015 aka sassauta, aka yarda a biya ma'aikata da sauran hidima, ban da sayen sirinjin kansa. Kwamitin da ya sa wannan aiki a sahun gaba a 2005 dole ya ga sifili a gidan kuɗin CDC na teburin. Tambayar da ta dace a lokacin ita ce: wa ke biya, kuma ya ishe su?

Akwai kuma jinkirin kwangila. Sau da yawa ta shekaru da dama ake bayarwa, jerin da aka gyara bana ba zai bayyana a kuɗi ba sai zagaye na gaba. A nemi ranar ƙarewar kowace kwangila a rubuta. Wani lokacin kuma an tallata aikin, babu ƙungiyar da ta nema, ko wadda ta nema ba ta da akanta. Wannan rashin ƙarfi ne, maganinsa horaswa.

Ma'aunin ma yakan motsa daga sama. A 2003 CDC ta ce masu ɗauke da cutar su zama na ɗaya a jerin kowane kwamiti. A 2012 ta koma raba wa jihohi kuɗi bisa yawan masu rayuwa da cutar, ta kuma ce kusan kashi 75 cikin 100 ya tafi ga ayyukan da ita ta ƙayyade, irin su gwaji da rabon kwaroron roba. Wanda zai kwatanta teburin 2010 da na 2013 sai ya ware abin da dokar tarayya ta motsa daga abin da ma'aikatar ta zaɓa da kanta.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Idan aka miƙo wa kwamiti takardar neman kuɗi mai ɗaruruwan shafuka ana saura kwana uku a aika, sa hannu kawai ake nema. A rubuta cikin dokokin kwamiti cewa tebur ya iso wata guda kafin ranar, sannan bayan shekara a sake cika shi da abin da aka kashe a zahiri, a ajiye shi kusa da na kasafi.