Takalmi, gilashi da fenti: kashedi ga masu shigowa aikin binciken laifi

Ƙannena masu son aikin ɗakin gwajin shaidu, na san farar riga da madubin ƙara girma kuke hange. Amma yawancin shaidar da na ga ta lalace, a hannun mai ɗauka ta lalace, kuma ciki har da hannuna.

Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, ya koyar cewa mai laifi ba ya shiga wuri ya fita bai bar wani abu ba, bai kuma kwashi wani abu ba. Abin da ban riƙe ba ina sabon shiga shi ne mai bincike ma yana bari, yana kwasa. Na taɓa shimfiɗa rigar wani da ake zargi da fasa shago a kan teburin da na gama duba gilashin tagar shagon, ban sauya takardar shimfiɗa ba. Da na ga ɓarɓashin gilashi a rigar har da murnata. Maigidana a wurin aiki tambaya ɗaya ya yi min: "A ina ka shimfiɗa ta?" Nan maganar ta mutu. Abin haushin, wataƙila gilashin na gaske ne, domin idan taga ta fashe wasu ƙananan gutsattsari kan dawo baya su maƙale a gashi da tufafin mai fasawa, galibinsu kuma su zube cikin 'yan sa'o'i. Kowane kaya da ambulan ɗinsa, kuma kada kayan wanda ake zargi su haɗa tebur da kayan wurin laifi.

Ƙasa ta fi ba ni kunya. A 1908 wani masani Bajamushe, Georg Popp, ya duba takalmin wanda ake zargi da kashe wata mata a yankin Babariya. Bai kankare shi gaba ɗaya ba, sai ya bi ƙasar hawa-hawa. Ta can ciki akwai kashin dinya irin na ƙofar gidan mutumin. A kanta akwai jan dutse irin na inda aka tsinci gawar. Ta waje kuma gawayi ne da garin bulo da siminti, irin na kangon da aka ɓoye bindiga da tufafi. Mutumin ya ce gonarsa ya je ranar, amma ba ko ƙwayar ƙasar gonar a takalmin. Wato takalmin ya faɗi inda aka taka, ya kuma faɗi wanne ya riga wanne. Ni kuwa wuƙa na sa na kankare takalmin wani cikin leda ɗaya, da lemarsa, na ƙulle. Kafin a buɗe ta yi funfuna, hawa-hawan kuma sun cakuɗe kamar gari da tsaki. Ku kai takalmi yadda yake, cikin jakar takarda, ya bushe da kansa.

A nan arewa akwai wani tarko. Lokacin hunturu ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana sauka a kan komai, daga Zinder har Zariya. Wanda ya shafo ƙurar sama kawai don kwatance zai ga ko'ina ya yi kama da ko'ina. Ku ɗebo daga wurare daban-daban a filin, ku kuma je inda wanda ake zargi ya ce yana nan ku ɗebo. Wannan na ƙarshen an fi mantawa da shi, alhali shi ke wanke mara laifi.

Fenti kuma, launi kaɗai ba hujja ba ne; Adaidaita Sahu nawa ne masu ruwan ɗorawa a Kano? Motar da ta fito daga kamfani yawanci fentinta hawa huɗu ne, motocinmu kuwa da yawa mai fenti ya sake fesa su, wani lokacin bayan ciko. Wannan alheri ne ga mai bincike, don jerin hawan yakan bambanta mota da 'yan uwanta. Ku yanko har ƙarfe, kusa da inda aka yi karon.

Saura harshe. Na taɓa rubuta cewa gilashi "na wannan tagar ne", lauya ya tambaye ni tagogi nawa masana'antar ta yi da irinsa, na rasa ta cewa. Ba ni kaɗai ba: a 2015 hukumar FBI ta Amurka ta amsa cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'un da ta sake dubawa, masu kwatanta gashi sun yi kuskure a shaidar da suka bayar, kuma akwai waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a ciki. Idan samfuri biyu sun bambanta, ku ce ba asalinsu ɗaya ba. Idan sun yi daidai, ku rubuta cewa gwajin bai raba su ba, sannan ku gaya wa alƙali ko irin wannan gilashin ko fentin ya yawaita a gari.