Rigar gwanjo da ta tuna mini da Nirvana

Yau da yamma ɗan ƙanwata ya shigo gida sanye da baƙar rigar gwanjo mai zanen fuska ruwan ɗorawa, an rubuta Nirvana a ƙirjinta. Na tambaye shi ko ya san masu sunan, ya ce, "Kawu, ai kamfanin tufafi ne." Na kunna masa waƙarsu a waya, ya ɗan saurari rugugin jita da ganga, ya yamutsa fuska ya ce wannan hayaniya ce tsagwaronta.

Wannan hayaniyar ce kuwa ta girgiza kasuwar waƙa a Amurka. A watan Satumba na 1991 matasa uku na ƙungiyar mawaƙan rock ta Nirvana, da Kurt Cobain a gaba, suka fitar da kundin Nevermind, kuma a Janairun 1992 ya ture kundin Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na kundayen waƙa da suka fi kasuwa. Kamfanonin waƙa suka yi ta tururuwa zuwa Seattle, birnin Amurka da ya zama cibiyar salon kiɗan Nirvana, neman irinsu, su kuma mawaƙan rock masu caɓa ado da suka mamaye tashar MTV a shekarun 1980, kasuwarsu ta yi sanyi. Sai dai ba Nirvana kaɗai suka ƙago salon ba, domin an daɗe ana kaɗa shi a ƙananan gidajen rawa na Seattle, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 pop da hip-hop sun karɓe kasuwar. Ni dai a ganina, sun samu kunnen matasa ne saboda matasan sun riga sun ƙosa da abin da ake ɗura musu.