Kwana biyar a Quezon City

Horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa ne ya kai ni Filifin, da yake aikina jinya ne. Ran da na sauka a filin jirgin Ninoy Aquino ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, cunkoson titin EDSA kuwa ya ci mini awa biyu kafin na isa masauki.

Wadda aka haɗa ni da ita ta nuna mini gari ma'aikaciyar jinya ce, tana kirana "ate", wato yaya. A rana ta uku, muna matse a cikin jeepney, motar hayarsu mai fenti kala-kala, ta ce mini ita 'yar maɗigo ce, irin waɗanda ake kira "tomboy" ko "tibo" a can. Na yi shiru, don ban saba jin wannan magana a fili ba. Amma na saurara.

Ita ke riƙe da gidansu. Kuɗin makarantar ƙannenta da maganin mahaifinta duk daga albashinta suke fita. Ana karɓa, ana sa albarka, amma shekara tara ke nan ba wanda ya taɓa ambatar sunan wadda take zaune da ita. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta. Da ta je neman taimako, wanda ta gani ya ce ta yi aure, komai zai wuce. Ba ta koma ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin na san yadda mai ciwon damuwa ke jan ƙafa kafin ya buɗe baki sau ɗaya.

Ƙasar ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2018. Ƙudurin hana nuna wa 'yan maɗigo da ire-irensu wariya kuwa tun 2000 aka fara gabatar da shi. Majalisar wakilai ta amince a 2017, ya maƙale a ta dattawa. Quezon City ce ta yi tata dokar a 2014, a 2023 kuma ta fito da katin da ke bai wa abokiyar zama damar yanke shawara a asibiti idan ɗayar ta kwanta.

Ranar da zan taho ta ciro katin daga jakarta ta nuna mini. Ta ce da can tsoronta shi ne ta faɗi rashin lafiya a tsayar da matar nan a bakin ƙofa. Ta mayar da shi, ta ɗauki akwatina zuwa mota.