Jan ƙarfe a ciki, azurfa a waje

Yawancin awarwaro da 'yan kunnen da nake sakawa a lefen da ake ba ni haɗawa jan ƙarfe ne da aka yi wa ruwan azurfa, kuma tun kafin mai kaya ta tambaya nake gaya mata. Wata sai ta ɓata rai, ta ce, "Haba Anti, jabu za ki sa mana a akwati?" Ni a wurina jabu shi ne a karɓi kuɗin azurfa a hannunki a ba ki wannan. Idan an faɗa miki abin da ke ciki, kika biya daidai kuɗinsa, kin sayi kaya mai kyau, wanda ya fi tarkacen farin ƙarfen da ya cika kasuwa nesa ba kusa ba.

Wani dattijo ne yake ƙera min, maƙerin fari a nan cikin garin Jos. Maƙeran baƙi su ne na fartanya da gatari. Su Baba kuwa aikinsu azurfa da tagulla da jan ƙarfe. Ba ya zuwa ko'ina neman ƙarfe sai wajen 'yan gwangwan. Tsohuwar wayar lantarki yake saye a kilo, musamman mai kaurin nan, da wadda ake warwarowa daga injin famfo ko fanka da ta ƙone. Jan ƙarfen wayar wuta kusan zalla ne, don in an gauraya shi ba ya ɗaukar wuta yadda ake so.

Abin da ba na gajiya da kallo shi ne yadda yake lallashin ƙarfen. Jan ƙarfe yana da laushi, amma da zarar an fara dukansa a kan uwar maƙera sai ya riƙa tauri, in aka matsa masa ya tsage. Baba ba ya jira a kai nan. Da ya ji ƙarar guduma ta sauya, sai ya ɗauke shi da awartaki ya tura cikin gawayi, yaronsa ya yi zuga har ƙarfen ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, cuuu. Ya fito da laushi kamar ba a taɓa dukansa ba. Na ce masa, "Baba, ai na ɗauka ruwa taurara ƙarfe yake." Ya ce, "Wannan na masu wuƙa ne, 'yata, namu ba haka yake ba." Baƙin da wuta ta bar masa kuma ruwan tsamiya da gishiri ke cinye shi. Daga nan ya haɗa waya biyu ya murɗa, ya lanƙwasa a jikin wani guntun bututu daidai hannun mace, ya bi da magagari. Gogewa ta fi komai cin lokaci, domin ruwan azurfa ba ya rufe aibi. Duk ƙarzanen da aka bari zai fito fes bayan an gama, har ya fi da.

Ruwan azurfar ba shi yake yi ba, akwai mai yi masa. Ana rataya kayan a cikin wani ruwan sinadari, a haɗa su da waya ɗaya ta batir, a haɗa guntun azurfa ta gaske da ɗayar. Wutar ce ke ɗebo azurfar kaɗan-kaɗan tana shimfiɗa ta a jikin jan ƙarfen. A Birmingham ta Ingila kamfanin Elkington ya yi rajistar wannan dabara a 1840. Ruwan da aka fi amfani da shi yana ɗauke da gubar sayanaid, saboda haka masu kallon bidiyo a waya suna cewa za su gwada a kicin, don Allah su rufa wa kansu asiri. Kaurin abin da ke hawa ko kusa da silin gashi bai kai ba, kuma iya daɗewar kaya a cikin ruwan iya kaurinsa. A nan ake yin ha'inci: a tsoma a cire, ya yi ƙyalli a shago, wata guda ya koɗe.

Su kansu ƙarafan biyu tsofaffin abokai ne. Azurfa zalla ta cika laushi, zobenta lanƙwashewa yake. Wadda ake buga wa lamba 925, a cikin kashi 1000 azurfa 925 ce, ragowar 75 galibi jan ƙarfe. Azurfar kakanninmu ma yawanci kuɗi ne aka narka: dalar nan mai kan mace, ta Mariya Tareza, wadda har yau ake buga ta da shekarar 1780, azurfarta kashi 83 ne cikin 100. Akwai kuma sulallan Turawa na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa da azurfa a 1913, kafin a koma na tagulla a 1920. Mundayen da kakata ta bari nauyinsu kaɗai ya isa shaida.

Abin da nake tsoro shi ne wanda ban san cikinsa ba. Akwai farin ƙarfen da ake kira azurfar Jamus, alhali ko ƙwayar azurfa babu a ciki, jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Nikel ɗin nan shi ke sa kunnen mata da yawa ƙaiƙayi da ruwa, kuma wasu masana'antu suna shimfiɗa shi a ƙarƙashin ruwan azurfa don ya ƙara ƙyalli. Ina yawo da ɗan maganaɗisu a jaka. Azurfa ba ta kama shi, jan ƙarfe ma haka. In sarƙa ta manne, na san baƙin ƙarfe ne aka yi wa kwalliya. Amma rashin kamawa ba ya nufin azurfa ce, wannan sai maƙeri ya ɗan ƙarza wani lungu ya duba.

Mu 'yan Jos kuma muna da namu ƙarfen da ke shiga wannan magana, wato kuza. Ita ta tara kakanninmu a nan, ita ta bar mana kududdufan Rayfield da Bukur da Barikin Ladi. A haɗa ta da jan ƙarfe a sami tagulla mai ƙarfi. A haɗa jan ƙarfe da tutiya a sami mai ruwan ɗorawa irin ta farantan Bida. Kuza tana narkewa a digiri 232 kacal, azurfa sai 962, jan ƙarfe 1085. Saukin narkewar nan ya sa mai gaggawa yake liƙa kaya da kuza haɗe da dalma, irin na masu gyaran rediyo. Dalma guba ce, balle a abin da jariri zai kai baki. Ni dai sharaɗina da Baba, da azurfa za a yi min liƙi, ko da kuɗin zai ƙaru.

Ruwan azurfa yana tafiya, wannan ba a ɓoye shi. Zobe ne ke fara koɗewa saboda wanke-wanke da sabulu, sai awarwaro inda suke gugar juna, 'yan kunne kuwa sukan daɗe. In jan ya leƙo, gumi zai iya barin kore a fata. Yana fita da sabulu. Baƙin da azurfa ke yi daban ne, sinadarin farar wuta da ke cikin iska ne ke jawo shi, kuma ya fi yawa a damina, lokacin da Jos ba ta bushewa. A shafa humra da turare a bari su sha iska kafin a sa kaya. Kada a dirje da toka ko soson ƙarfe yadda ake wa tukunya, azurfar ce za ta bi tokar. A shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, a zuba ruwan zafi da hodar bekin soda, a ɗora kayan a kai na 'yan mintuna, a goge da tsumma mai laushi.

Maza masu neman zobe kuwa ba na sayar musu da wannan. Azurfa ce malamai suka ce ta halatta gare su, don haka nakan tura su wurin Baba ya auna musu ta gaske. Mata kuma in kayansu sun koɗe su dawo da su, a sake gogewa a mayar cikin ruwan, kuɗin bai kai na sabo ba.